Tauraron Da Kwastam Ba Su Ƙwace Ba

Old Trafford, Manchester.

Zuwa ga Gwaggona, Hajiya Saudatu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uwa, da durƙuso har ƙasa ko da ba kya ganina, ina fatan takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da duk mutanen gida. Yaya ƙafar? An ce min ta sake tashi har sallah ma a zaune kike yi. Allah Ya kawo sauƙi, Ya sa kaffara ce, Ya ja mana kwananki. Mu nan alhamdu lillahi. Ina nan a siton Cheetham Hill ina dakon kwalayen jakunkuna da turare, bayana na ciwo amma cikina ba ya kuka. Ƙanwata Na'ima tana can Birmingham, cikin ya tsufa sosai, ungozomar asibiti ta ce yaro na kwance daidai, kumburin ƙafa ne kawai ke damunta. A ci gaba da sa ta a addu'a, kin san abin da ya same ta bara.

Na san za ki ce me ya hana ni kira a waya. A waya bakina yana riga hankalina fita, ke kuma da kin ji muryata ta fara hawa sai ki miƙa wa Hajar ki ce ta karɓi mahaukacin yayanta. Takarda kuwa ba a kashe ta. Hajar, na san ke ce mai karatun. Kada ki tsallake ko layi ɗaya, kada ki zuba wa maganata sukari, idan kin iso wurin da ya yi zafi ki karanta shi da zafinsa.

Gwaggo, maganar tauraro ce. Tauraron azurfan nan da kakanku Alhaji Giɗaɗo ya dawo da shi daga Gabas, wanda tun kafin a haifi Baba, Allah Ya jiƙansa, duk macen gidanmu da naƙuda ta kama sai an zaro shi daga 'yar jakarsa ta fata, an tsoma a kofin ruwa ta sha, sannan ya kwana ƙarƙashin matashinta har ranar suna. Da ɗanki Sha'aban ya zo gida hutu, ke da hannunki kika ƙulle shi a hankici kika ba shi ya kawo wa matarsa. Ki gafarce ni da ban ce Yaya Sha'aban ba. Na ajiye masa Yayan a gefe tukuna, in ya cancanta ya zo ya ɗauka. Ke kina can kina barci da daɗi a kan tauraro na ƙarƙashin matashin Na'ima. To bai taɓa shiga gidan nasu ba. Ya ce mata kwastam ne suka ƙwace a filin jirgi, wai sun ce kayan tarihi ne, kuma ya hana ta faɗa miki saboda hawan jininki. Ita kuma ta haɗiye. Duk lokacin da kika tambaye ta a waya tana cewa yana nan, da kun ajiye sai ta shiga banɗaki ta kunna famfo ta yi kukanta.

Ba sai na tuna miki ba, cikinta na fari ya zo ba rai. Likitoci sun yi mata bayani, ni ma na yi mata, amma abin da ya zauna a ranta shi ne ita kaɗai ce a gidanmu ta shiga naƙuda babu tauraro, kuma ita kaɗai ce ta fito hannu wofi. Ko daidai ne ko kuskure, haka ta riƙe. Da na je duba ta na tarar ba ta cin abinci, ba ta sayi ko safar jariri ba, wai tana tsoron sayen abin da za a sake bayarwa sadaka. Sai na ce a raina bari in nemo mata mai kama da shi, ko na jabu ne, in dai hankalinta zai kwanta. Kin san ni boko bai yi nisa da ni ba, amma tun da na gano laburaren unguwarmu ba a biyan ko sisi, babu abin da ba na karantawa. Na duƙufa neman tauraro mai tsini bakwai da rubutun Larabci a tsakiya. Na ga na Masar, na ga na Farisa, na ga na Tunisiya, duk ba su ba ne. Neman ne ya kai ni wani dandali a intanet na masu tara kayan soja na da, tsofaffin Turawa waɗanda za su kwashe mako suna gardama a kan maɓallin rigar sojan da ya mutu tun kafin a haifi iyayensu.

Ina cikin tram, ƙaramin jirgin ƙasan nan na cikin gari, zan tafi aiki na buɗe wani hoto, sai da na wuce tashata ban sani ba. Gwaggo, ga tauraronmu a kan tawul ɗin kicin ɗin wani Bature. Ba mai kama da shi ba, shi ɗin. Ga jakar fatar a gefe da ɗinkin dukawan Kano, ga wayar tagullar da Baba ya lanƙwasa ya sa masa da zobensa ya karye. Mai hoton yana tambaya a taimaka a gaya masa ko wace lamba ce wannan, ta gaske ce ko kwaikwayo. A ƙasa kuwa masana sun baje koli. Wani ya ce ta jabu ce irin wadda ake sayar wa baƙi a kasuwa, tun da jan tangaran ɗin da ya kamata ya zagaye tsakiyar duk ya kau. Wani ya ce a'a, ta gaske ce, sai dai daga gani a ƙarƙashin kogi aka tsinto ta, don ruwa ne kaɗai ke cin lamba haka. Wallahi ina cikin fushi sai da na yi dariya har wata tsohuwa ta ja jakarta kusa da ita. Ya canki ruwan, kogin ne bai canka ba. Ina zai san kofin silbar Gwaggo?

Na rubuta wa mutumin, ya ce in zo. Ranar Asabar na hau jirgin ƙasa zuwa Birmingham. Sunansa Mista Hodgkiss, tsoho ne mai rawar hannu, matarsa ta rasu, gidansa cike da akwatunan gilashi da lambobi a jere kamar shagon maƙeran zinariya. Bai ba ni tauraron na taɓa ba. Ya rufe shi da tafinsa ya ce an sha zuwar masa da labarin kaka, in dai namu ne in gaya masa abin da hoton bai nuna ba. Na ce ya juya bayansa ya duba tsinin da ke ƙasa ta hagu, zai ga ya lotsa da sawun haƙori, nan ne Innarmu ta ciza ranar da take haihuwata. Ya sa madubin idonsa ya duba, ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago sai ya tashi ya ɗora ruwan shayi, ya ce in fara daga farko. Na ba shi labarin kofin da matashin. Ya ce shekarunsa masu yawa yana wannan harka, ya riƙe lambobin da suka shiga yaƙi iri iri, bai taɓa riƙe wadda ta shiga ɗakin haihuwa ba.

Yanzu ki daure, don akwai abin da ni ma bai yi min daɗi ba, kuma ba zan ɓoye miki ba tun da ɓoye-ɓoyen ne ya kawo mu nan. Mun zauna da littattafansa da abin da na riga na karanto, muka bi tauraron gaɓa gaɓa: tsini bakwai, tsakanin kowane biyu ɗan jinjirin wata da ƙaramin tauraro, ga hatimin gidan ƙira a bayansa wanda ya nuna ba jabu ba ne. Ba daga Makka ya fito ba, Gwaggo, kuma rubutun nan da muke sumbata ba aya ba ce. Lambar girma ce ta Daular Usmaniyya, ba tamu ta Sakkwato ba, ta Turkawa ta Santambul. Sunanta Majidiyya. Abin nan na tsakiya mai kama da igiya a cukurkuɗe sa hannun sarkinsu ne, Abdulmajid. A zagayen da ruwa ya cinye, da can akwai kalmomi uku, kishin ƙasa da himma da riƙon amana, sai shekarar Hijira. Aji biyar gare ta, tamu ƙaramar ce. Mista Hodgkiss ya ce masu mulkin Masar na wancan zamani sukan ba wa waɗanda suka yi musu aiki a Sudan, kuma kin san ta Sudan masu tafiya hajji a ƙafa suke bi, wasu su yi shekaru a can. Sai dai ba a rubuta suna a jikin irin wannan lamba, don haka ba wanda zai iya rantsewa ko Alhaji Giɗaɗo aka maƙala wa, ko wani ya ba shi, ko a kasuwa ya saya. In kin taɓa jin ya yi soja ko tafinta a can, don Allah ki sa Hajar ta rubuto min.

Sannan na yi tambayar da ta kawo ni. Ya ce a kasuwar nan ta ranar Lahadi ya same shi, inda Turawa ke jera motoci a fili kowa ya buɗe but ɗin motarsa ya baje tarkacen gidansa. Yana tsaye a teburinsa sai ga wani dogon saurayi baƙi mai tabarau da wushirya, da igiyar katin jami'a a wuya, ya ajiye masa ƙullin hankici ya ce kyauta ne, tarkace ne, shi dai a nisanta shi daga gidansa. Na nuna masa hoton bikin Na'ima a wayata, bai ko yi jinkiri ba ya ɗora yatsa a kan ango. Gwaggo, da sayarwa ya yi da na ce talauci ne, kuɗin karatu bai iso ba, haya ta matsa. Kyauta ya bayar. Abin da mata suka riƙe da haƙori tun zamanin kakanninmu, ya ajiye tsakanin tsohon takalmi da fasasshiyar rediyo ya juya ya tafi. Baturen da bai haɗa komai da mu ba ya mayar min da shi a jakarsa, ya ƙi karɓar komai, roƙonsa ɗaya in rubuta labarin a dandalin don masu cewa kogi su huta. Na rubuta. Na sa sunan ɗanki cikakke da sashen da yake karatu, na zauna ina kallonsa yatsana na ƙaiƙayi, sannan na goge. Ba don shi ba. Don sunan mahaifinsa ne a jiki, kuma mutumin kirki ne.

Daga can ban zame ko'ina ba sai Selly Oak, unguwar su Na'ima. Na tarar suna cin abincin rana, Na'ima na juya cokali a shinkafa ba ta kaiwa baki. Na yi sallama, na wanke hannu, na zauna kamar mai jin yunwa, sannan na zaro jakar na ajiye kusa da farantinsa, na ce kwastam na gaishe shi, sun ce sun tsufa hannu na rawa, amma sun gane shi a hoto. Da kin ga fuskarsa. Na daɗe ban ga abin da ya yi min daɗi kamar yadda loma ta tsaya masa a maƙogwaro ba, kuma ban miƙa masa ruwa ba. Na'ima kuwa ko kallonsa ba ta yi ba, ta kai hannu ta ɗauki abin ta danna a cikinta da hannu biyu.

Amma kin san ɗanki, ba ya faɗuwa a zauna lafiya. Da ya gama tari sai ya gyara tabarau ya ce e, shi ya bayar, kuma gobe ma zai sake. Ya ce ba zai zuba ido matarsa ta rataya ranta a jikin ƙarfe ba, Allah ne ke raya jariri, kuma tsoron da take ciki ma tauraron ne ya shuka mata shi. Ni kuma da saurin bakina na ce ai ba ma laya ba ce balle ya kira ta shirka, na zazzage masa duk tarihin, da Santambul da Abdulmajid da komai. Ya bari sai da na gama, ya yi murmushin nan nasa ya ce ya gode, ashe shekara da shekaru wankin sa hannun wani sarkin Turkawa ake ɗirka wa matan gidan. Da hannuna na wasa wuƙa na miƙa masa. Har yanzu in na tuna sai in ji kamar in gwara kaina da bango. Na ce masa to na ji, malam ne shi. Malamin da ya ga abu haram ai a gaban mai shi yake faɗa. Me ya hana shi ya ce wa uwarsa ba zai ɗauka ba tun a Kano? Ya durƙusa ya karɓa da hannu biyu, ya ce in sha Allahu zai isar, ya zo ya ƙaga wa kwastam ƙarya, ya sa mai ciki ta riƙa yi miki ƙarya, sannan ya zauna yana kallonta tana ramewa. A wane babi aka halatta wannan? Ya dai ce gidansa ne, kuma abin ba zai kwana a ciki ba, ba kuma zai shiga jakar asibiti ba.

Na so in kifar da teburin. Na'ima ce ta riƙe min riga, ta raka ni har titin Bristol Road tana jan ƙafa, tauraron na cikin hijabinta. A bakin tashar bas ta ciro ta ba ni. Ta ce ba za ta shigar da abin da Yaya Sha'aban ya hana ba, kuma ita yanzu ko ruwan ba ta nema, ta dai riƙe shi a hannu in lokacin ya zo, ta ji kamar Inna da ke kuna ɗakin. Ta roƙe ni kada in faɗa miki don kada in shiga tsakanin ɗa da uwa. Ban yi mata alkawari ba. Na ce mata shi ya fara shiga tsakanin uwa da 'ya.

To ga abin da nake roƙo. Na san shi ne ɗanki na fari, ko sunansa ba kya kamawa, in ya shigo ɗaki sai ki kau da kai ki tambayi wani ko ya ci abinci. Da kunyar nan yake fakewa, ya san ba za ki taɓa titsiye shi ba. Sau ɗaya tak ki ajiye ta. Ki kira shi, ki ce ya bar yarinyar nan ta riƙe kayan gidansu. Ni ba zai ji maganata ba, malaman duniya ma zai yi musu gardama, amma ke ba zai iya ba. In son raina za a bi, kiran na bidiyo za a yi, a tsakar gida, bayan la'asar lokacin da kowa ke nan, a ƙure murya har maƙwabta su ji, Kawu Ja'afar na zaune a kujerarsa. Ina so ya ji irin abin da Na'ima ta ji a banɗaki, ko rabinsa. Na san za ki ce in ji tsoron Allah. Ina ji. Amma ban yafe ba tukuna, kuma ba zan rubuta miki cewa na yafe don takarda ta yi kyau ba.

In ya fara kawo miki hujjoji, akwai labarin da Baba ya ba ni wanda na tabbata shi ba a taɓa ba shi ba, saboda ke ba za ki iya faɗa ba. Baba ya ce lokacin da kika zo gida haihuwar fari, kin kwana kin wuni a durƙushe, ungozoma ta fito tana share hawaye, har an fara shimfiɗa tabarmi a zaure. Tauraron na gidan wata 'yar uwa a Fagge da ta haihu a makon. Baba ne ya hau keke ya ɗauko, ya faɗi a hanya ya fasa gwiwa, tabon na nan har ya koma ga Allah. Aka tsoma aka ba ki, kafin magariba yaro ya faɗo yana tsala ihu. Ban ce ƙarfen ne ya fito da shi ba, Allah ne, ni ma na yi karatun wannan. Amma ki gaya masa jan tangaran ɗin da Turawa ke cigiya, har da rabonsa a wanda ya narke. Ya fara amayar da nasa tukuna, sannan ya zo ya hana ƙanwata.

Tauraron na aljihun rigata ta ciki, da shi nake zuwa aiki, da shi nake kwana. Na gaya wa manajanmu duk ranar da waya ta shigo zan ajiye kwali ko a tsakiyar hanya ne. Na haɗa baki da maƙwabciyarsu Anti Ajara, 'yar Kumasi, ita za ta kira ni da zarar an fita da Na'ima. In kin yi magana, zan shiga ta ƙofa in ba ɗanki a hannu ya kai mata da kansa. In kunya ta hana ki, zan zo duk da haka, in tsaya a bakin ɗakin haihuwa, sai dai ya kira masu gadi su fitar da ni a gaban matarsa.

Ki gaishe min da Kawu Ja'afar, a ce masa maganin gwiwar na nan tafe tare da takardar. Ina gaida Inna Raki da yaranta, da Murna da mai gidanta, da duk wanda ya tambaye ni, har da waɗanda ke cewa Ingila ba ta gyara min baki ba. Hajar, sannu da karatu, ki sha ruwa, ki kuma duba min fuskar Gwaggo ki gaya min gaskiya. Allah Ya sauki Na'ima lafiya, Ya sa ki goya wannan jikan a bayanki.

Ɗan ƙaninki da ba ya jin magana amma yake jin taki,
Ɗanjuma.